Shin Mutum-mutumi Zai Ƙwace Mana Aiki a Masana'anta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina aiki a wata masana'antar kayan abinci a nan Jos, a sashen da muke jera kwalaye a kan katako kafin motar ɗaga kaya ta kwashe su zuwa sito. Kwanan nan ana ta raɗe-raɗin cewa kamfani zai kawo mutum-mutumin da zai riƙa yin wannan aiki. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ga ƙanena da zai gama sakandare bana, yana so in samar masa gurbi a wurinmu. Da gaske ne injinan nan za su kore mu? Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya rufa asiri, Ya raya zuri'a. Ba zan ce maka ka saki jiki ba, domin jera kwali a kan katako yana cikin ayyukan da mutum-mutumi ya fi ƙwarewa a kansu a duk duniya. Amma lissafin sayen sa a Najeriya daban yake da na Jamus ko Koriya, kuma in ka fahimci lissafin za ka san inda haɗarin yake da kuma yawan lokacin da kake da shi na shiri.

Mu fara da shi kansa abin. Wanda ake girkawa a masana'anta hannu ne na ƙarfe da aka ɗaure a ƙasa da manyan kusoshi, mai gaɓoɓi shida galibi, na jera kaya kuwa sau da yawa huɗu ne. Kowace gaɓa tana da motar lantarkin da ke juya ta, duk kuma suna karɓar umarni daga akwatin kwamfuta da ke gefe. Ƙarfinsa a maimaici yake. Ka nuna masa wuri sau ɗaya, zai koma wurin nan sau dubu ɗari ba tare da ya kauce ko da kaurin gashi biyu ba, dare da rana. Rauninsa kuma shi ne bai san komai ba sai abin da aka tsara masa. Kwali ya zo a karkace, ko ya jiƙe, ko katakon ya karye a kusurwa, sai ya murƙushe kayan ko ya tsaya cik yana jiran mutum. Kai kuwa kallo ɗaya za ka yi ka gyara ka wuce. Saboda haka in kana son sanin ko aiki yana cikin haɗari, tambaya ɗaya ce: abu iri ɗaya ne, yana zuwa wuri ɗaya, a yanayi ɗaya, sau dubbai a rana? In amsar e ce, inji zai iya.

Abin ya daɗe. A 1961 aka girka na farko, mai suna Unimate, a wata masana'antar General Motors da ke jihar New Jersey a Amurka, aikinsa ɗauko ƙarfe mai zafi daga injin zubi, aikin da yake ƙona mutane. Kafin ƙarshen shekarun 1960 kamfanin Kawasaki ya karɓi lasisin ƙera shi a Japan. Daga nan walda da fentin mota suka koma hannun inji. Ƙididdigar ƙungiyar IFR, wadda ke tattara alƙaluman wannan fanni, ta nuna a 2023 akwai sama da miliyan 4 da ke aiki a masana'antun duniya, ana kuma girka sababbi fiye da 500,000 a shekara, kusan rabinsu a ƙasar Sin kaɗai. A Koriya ta Kudu akwai fiye da 1,000 a kan kowane ma'aikacin masana'anta 10,000, yayin da matsakaicin duniya yake 162 a wannan shekarar.

Ka lura da su wane ne ke kan gaba. Koriya ce ta fi kowace ƙasa ƙarancin haihuwa, Japan da Jamus tsofaffi sun yi musu yawa, yawan jama'ar Sin ma ya fara raguwa a 2022. Su matasan da za su tsaya a bakin inji ne suka yi musu ƙaranci, albashi kuma ya yi tsada. Mu kuwa kusan rabin 'yan Najeriya ba su wuce shekara 18 ba. Ciwonsu da namu ba ɗaya ba ne, maganin da suka sha ma ba lallai ya yi mana aiki yadda ya yi musu ba.

To a can ɗin, ya ci ayyuka ko bai ci ba? Ya ci, kuma duk wanda ya ce maka ba wanda ke rasa abinci bai faɗi gaskiya ba. Wasu masana tattalin arziki biyu, Daron Acemoglu, wanda ya samu kyautar Nobel a 2024, da Pascual Restrepo, sun bi diddigin abin da ya faru a Amurka daga 1990 zuwa 2007. Sun gano cewa duk ƙarin mutum-mutumi ɗaya a kan ma'aikata dubu yana rage albashi da kusan kashi 0.4 cikin ɗari, kuma kowane ɗaya yana tafiya da aikin mutum uku da ɗoriya in aka duba ƙasar gaba ɗaya. A garin da aka girka shi asarar ta fi haka. Waɗanda abin ya fi taɓawa su ne masu aikin hannu da ba su yi karatu mai zurfi ba.

Binciken da aka yi a Jamus shi ne na fi so ka riƙe, domin ya shafi gidanku kai tsaye. A can, ma'aikatan da inji ya tarar a bakin aiki galibinsu ba a kore su ba. An sauya musu wuri a cikin kamfanin, an koya musu wani aikin, domin ƙungiyoyin ƙwadagonsu suna da ƙarfi kuma suna da kujera a inda ake yanke shawara. Amma masana'antun sun rage ɗaukar sababbi, matasa suka koma neman abinci a wasu fannoni. Haka abin yake yawan zuwa, ba hayaniya, ba takardar kora. Wani ya yi ritaya ba a maye gurbinsa, wani ya bar aiki a ce a dakata tukuna, layin da ke da mutum goma sha biyu ya koma bakwai, ya koma huɗu. Na ga wannan a masana'antun da nake shiga gyara tsakanin Abuja da Kaduna da Jos, ba ma da mutum-mutumi ba, da injinan cika kwalba da liƙe leda da manna takarda kawai. Saboda haka ƙanenka ya fi ka shiga haɗari. Kai kana ciki, ana iya matsar da kai wani sashe. Shi ƙofar ce za ta iya rufewa kafin ya iso.

Kada kuma labaran intanet su firgita ka fiye da kima. Adidas ya buɗe masana'antun takalma masu sarrafa kansu a Jamus da Amurka, a 2019 ya sanar da rufe su ya mayar da aikin Asiya. A 2018 shugaban kamfanin motoci na Tesla da bakinsa ya amsa cewa sun wuce gona da iri wajen dogara da inji. Ɗinki har yau ya gagari mutum-mutumi, domin yadi yana lanƙwasa yana miƙewa, shi ya sa Bangladesh ke da mutum wajen miliyan 4 a ɗinkin tufafi.

Yanzu mu zo gida mu yi lissafin da mai kamfaninku zai yi. Hannun kaɗai ba ya aiki. Sai an haɗa masa abin kama kwali, da bel mai kawo kaya a jere, da idanun lantarki, da shingen kariya, da iska mai matsi, da kuɗin jirgi da kwastan da na masu girkawa, wanda yakan ninka kuɗin hannun sau biyu ko uku. Ga misali don mu gane: a ce duka ya tashi dala 100,000, a ce kuma dala tana naira 1,500. Naira miliyan 150 ke nan. A ce zai maye gurbin mutum shida, biyu a kowane zubin aiki na safe da rana da dare, kowanne yana karɓar naira 100,000 a wata, wanda ya ma haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Albashinsu na shekara miliyan 7.2 ne. Sai an yi fiye da shekara ashirin kafin injin ya mayar da kuɗinsa. In kuwa da bashin banki aka saya, a lokacin da kuɗin ruwa ke kusantar kashi 30 cikin ɗari, ruwan shekara ɗaya kaɗai ya kai miliyan 45, ya ninka albashin mutum shidan sau shida. A Jamus, inda awa ɗaya ta ma'aikacin masana'anta ke cin wa kamfani fiye da yuro 40, wannan injin ya mayar da kuɗinsa kafin shekara ta zagayo.

Ga kuma wuta. Ƙasar nan gaba ɗaya tana rabon megawat 4,000 zuwa 5,000 ne a mafi yawan lokuta, kuma a Afrilun 2024 farashin yunit ɗaya na wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi tsawon lokaci, ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225. Tsadar ma da sauƙi a kan rashin tsayuwarta. Allunan lantarkin da ke juya motocin hannun nan ba sa jure wutar da ke hawa tana sauka, ko ƙiftawar da ake samu lokacin komawa kan janareto. Ɗaya ya ƙone, sai an yi odarsa da dala, a jira makonni, wani lokaci a ɗauko mai gyara daga Legas ko daga waje a biya masa jirgi da otal. Ƙurar hunturu kuma tana rufe idanun lantarki tana shiga akwatin kwamfuta. Na sha tarar da inji mai tsadar gaske a lulluɓe da tamfol, mutane sun koma yin aikin da hannu a gefensa, saboda wani ɗan allo da bai fi tafin hannu ba.

Duk da haka kada ka ce ai ba za su saya ba. Albashi ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da mai masana'anta ke dubawa. In layin ya yi saurin da hannu ba zai iya bi ba, dole a sa inji a ƙarshensa, layin lemon kwalba na zamani yana fitar da dubun-dubatar kwalabe a awa. Akwai asarar kayan da ke faɗuwa su fashe, akwai tsaftar da ake nema a kayan abinci, akwai ciwon baya da raunukan da ake biya. Farashin ma yana sauka. Da can kasuwar a hannun FANUC da Yaskawa na Japan da ABB da KUKA na Turai take. Yanzu kamfanin Midea na Sin ne ya mallaki KUKA, kamfanonin Sin kuma suna ƙera nasu da araha, ga na hannu da ake cirowa daga masana'antun waje. A ganina, ƙananan masana'antunmu za su daɗe suna dogara da hannu, manya masu fitar da kaya da yawa kuwa za su ci gaba da sa inji a wuraren cikawa da rufewa da jerawa. Ka dubi girman kamfaninku ka san a wane ɓangare yake.

Kana iya gane ko raɗe-raɗin na da tushe. In ka ga baƙi suna auna filin ƙarshen layi, ko wani ya tsaya da agogo yana ƙirga kwali nawa kuke jerawa a minti, ko an fara matsa wa masu kawo kwali da katako cewa dole girmansu ya zama ɗaya, ko ana jan sabon bututun iska da kebul zuwa wajenku, to maganar ta wuce hira. Daga nan zuwa fara aikin inji yakan ɗauki watanni, kuma waɗannan watannin ne jarinka.

Akwai wani abu da ya fi damuna fiye da injin da za a kawo Jos, wato wanda ke aiki a Sin yanzu haka. Ka tuna Kakuri, unguwar masaƙu a Kaduna. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, dubban magidanta suka koma gida, kuma ba mutum-mutumi ko ɗaya da ya shiga wurin. Wuta ce ta gagara, injinan sun tsufa, atamfa mai araha ta cika kasuwa ta kan iyaka. A nan Filato ma, aikin kuza yana ta ja da baya tun shekarun 1970, faɗuwar farashinsa a kasuwar Landan a 1985 ta ƙarasa shi, aka bar mu da kududdufai a Bukuru da Barikin Ladi. Wanda ya rasa aiki a waɗannan wurare abin da ya faru a wata ƙasa ne ya same shi. Duk lokacin da masana'antar waje ta ƙara inji ta rage farashi, kayanta na iso Kasuwar Kwari da Taminus da Wuse, su yi gogayya da abin da kake jerawa. Shi ya sa ba na goyon bayan a ce a hana shigo da inji. Masana'antar da ta ƙi sabunta kanta rufewa za ta yi, kuma rasa gurbi shida ya fi sauƙi a kan rasa ɗari shida. Faɗan da ya kamata a yi shi ne a kan wa zai ci ribar injin da wa zai ɗauki asararsa.

Iyayenmu mata sun ga irin wannan da injin niƙa. Ya sauke musu wahalar dutse, ba mai son komawa. Amma kuɗin niƙan ya tattaru ne a hannun mutum biyu, mai injin da wanda ya iya wasa faranti da gyara shi in ya tsaya. Ba ka da miliyan 150 na zama na farko, amma na biyun a buɗe yake, kuma a ƙasar nan masu wannan hannun sun yi ƙaranci ƙwarai.

Ga abin da zan ce ka yi tun daga gobe. Ka kusanci sashen gyara na kamfaninku. Duk lokacin da layi ya tsaya, maimakon ka zauna jiran a gyara, ka tsaya kusa da mai gyaran, ka miƙa masa sufana, ka tambaye shi me ya lalace, ta yaya ya gane. Ka sayi mitar gwada wuta, ba ta da tsada, ka koyi aiki da ita a hannun wanda ya sani. Ka koyi karanta zanen wayoyi, wannan shi ne ke raba mai canke da mai gyara. Daga nan ka shiga motar lantarki mai layi uku da na'urar da ke sarrafa gudunta, sai silinda da bawul na iska, sai ƙwaƙwalwar inji da ake kira PLC, wadda Siemens da Mitsubishi da Delta suka fi yawa a masana'antunmu. Wanda ya san waɗannan, koyon riƙe akwatin da ake koya wa hannun motsi da shi ba zai ɗauke shi makonni da yawa ba. Turancin da ake buƙata na karanta littafin inji ne da saƙon da ke fitowa a allo, ba na muhawara ba. Kuma ranar da aka fara girkawa, ka je wurin shugaban sashenku ka nemi a sa sunanka cikin waɗanda za a koya wa. Masu girkawa kullum suna neman mutum biyu ko uku da za su bar wa injin, kuma sun fi son wanda ya san kayan da halin layin. Kai ka san wane kwali ne ke lotsawa da damina, su ba su sani ba.

Kana da sa'a ɗaya da mutanen wasu garuruwa ba su da ita. Hedikwatar hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 don horar da ma'aikatan masana'antu, a Jos take, a hanyar Miango. Kamfanonin da suka kai wani girma suna biyan ta kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashinsu, kuma suna iya karɓo wani kaso in sun horar da ma'aikatansu. Ma'ana, tura ka kwas ba alfarma ba ce zalla, akwai kuɗin da aka riga aka ware. Ka shiga ofishinsu ka tambayi abin da suke da shi na lantarki da sarrafa inji.

Ka kuma san haƙƙinka. Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce in za a rage ma'aikata saboda aiki ya ragu, dole a sanar da ƙungiyarsu ko wakilinsu dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ke fara fita, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana, a kuma yi ƙoƙarin sasantawa a kan kuɗin sallama. Sashe na 7 ya ba ka damar samun sharuɗɗan aikinka a rubuce cikin wata uku da farawa. Ka duba takardarka yau: kamfanin ne ya ɗauke ka, ko ɗan kwangilar da ke kawo lebura? Wannan bambancin babba ne, domin na ɗan kwangila su ake fara sallama, sau da yawa hannu rabbana, kuma wannan zalunci ne da ke ci mini rai. In kuna da reshen NUFBTE, ƙungiyar ma'aikatan abinci da abin sha, ku zauna da shugabanni tun kafin injin ya sauka. Ku nemi a faɗa muku lokaci, a rubuta cewa daga cikinku za a ɗauki masu kula da shi, a kuma nema wa sauran gurbi a sito ko lodi ko duba inganci kafin a yi maganar sallama. Bayan an girka, bakinku ba zai yi nauyin da yake da shi yanzu ba.

In ya iso, kada ka taɓa shiga cikin shingen don gyara kwalin da ya karkace sai an kashe shi an sa kwaɗo a makunnin, makullin kuma yana aljihunka. Hannun da ya tsaya ba lallai a kashe yake ba, yana iya zama jiran sigina yake yi. Tun 1979 aka fara rasa rai ta wannan hanya, a wata masana'antar Ford a Amurka.

Shi kuma ƙanenka, kada ka kashe mutuncinka wajen roƙa masa aikin jera kwali. In yana da kai a lissafi da kimiyya, ya nemi karatun lantarki ko na injiniyan inji a kwalejin kimiyya da fasaha, akwai ta jiha a Barikin Ladi, ya kuma dage ya yi zaman koyon aikinsa a masana'anta ta gaske, ba a ofis ba. In karatun bai samu ba bana, ka kai shi wurin mai naɗin motar lantarki ko mai haɗa allon wuta ko mai girka sola ya fara koyo. Wannan hannun yana ci a masana'anta, yana ci a gidan ruwan leda da injin casar shinkafa da famfon burtsatse. In kuma ka samu sunan kamfanin da ya ƙera injin da za a kawo muku da lambar samfurinsa, ka sake rubuto mini in faɗa maka abin da za ka fara karantawa.